Sunan shafinka na intanet: saye ka yi ko haya?

Daga Aouda, Togo

A ƙarshen daminar da ta wuce wani dattijo, ma'ajin ƙungiyar iyayen yara ta wata makarantar zango, ya aiko a kira ni. Na same shi bayan la'asar a zaure, ya baje takardu a kan tabarma. Shekara huɗu ke nan ƙungiyarsu tana da shafi a intanet. Ta nan 'yan'uwa mazauna Lome da Kumasi da Jamus suke ganin hotunan azuzuwan da ake ginawa, su turo abin da ya sawwaƙa. Ran nan sai wani ya bugo waya daga Hamburg, ya ce ya shiga shafin ya tarar da tallar caca.

"Malam, duba mini nan," in ji shi. "Jaka 150 muka biya. Ga rasit, ga hatimi. Ta yaya za a ce abin ba namu ba ne?"

Na karanta rasit ɗin. An rubuta da Faransanci cewa kuɗin haɗa shafi ne, ba a ambaci sunan adireshin ko sau ɗaya ba. Yaron da ya yi aikin ɗan unguwa ne, kuma ba macuci ba ne. Ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa da katin bankin wani abokinsa, domin a lokacin ƙungiyar ba ta da imel balle kati. Daga baya ya tafi neman kuɗi Libreville, ya sauya lambar waya, wa'adin katin ya ƙare, wasiƙun tunatarwa suka yi ta faɗawa akwatin da ba mai buɗewa. Lokaci ya cika, aka saki sunan, wani a wata ƙasa ya ɗauke.

Na ce, "Baba, ginin naku ne. Filin da kuka yi ginin a kai ne aka rubuta da sunan wani, shi ma kuma haya ya ɗauka."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To wane ne mai filin?"

Tambayar ta fi ƙarfin zaure. Gwamnatoci sun yi shekaru suna jayayya a kanta, har da tamu ta Togo.

Abu uku ne, ana ɗaukar su ɗaya

Wanda ya ce yana da shafi, abu uku ya haɗa ya yi musu suna ɗaya. Akwai abin da ke cikin shafin, wato rubutu da hotuna. Akwai masauki, wato kwamfutar wani kamfani inda aka ajiye kayan, abin da Faransanci ke kira hébergement. Sannan akwai sunan da mutum yake bugawa ya iso gare ka, nom de domaine, mai ƙarewa da wutsiya irin su .com ko .org ko .tg. Kowanne da kwangilarsa, kowanne da ranar biyansa, kuma ba dole ba ne su kasance a hannun mutum ɗaya. In masauki ya rushe, ka kwashe kayanka ka koma wani, baƙi ba za su ma sani ba. In suna ya kuɓuce, duk katin da ka buga, duk allon da ka kafa a bakin titi, duk imel ɗin da ke ɗauke da wannan suna, sun koma nuna ƙofar wani.

Yadda sunan yake zuwa hannunka ya yi kama da cinikin shanu a kara. A can sama akwai ICANN, ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1998 a jihar California ta Amurka, ita ke kula da babban littafin da ya ce wutsiya kaza tana hannun wane. Kowace wutsiya tana da mai riƙe da littafinta. Ta .com, alal misali, tana hannun kamfanin Verisign da ke jihar Virginia. Mai littafi ba ya yawan ciniki da kai kai tsaye, sai ta hannun dillalai masu izini, irin su OVH ko Gandi ko GoDaddy. Yaron unguwa da ya haɗa maka shafi shi kuma ɗan kamasho ne a ƙarƙashin dillali. A ƙarshen layin sai wanda aka rubuta sunansa a gurbin mai riƙe da suna, titulaire a takardun Faransanci. Shi kaɗai dillali ya sani. Wanda ya fitar da kuɗin, wanda ya ƙirƙiri sunan, wanda ya yi shekara goma yana raya shi, dillali bai san da zamansu ba.

Shi ma wanda aka rubuta ɗin, me ya mallaka? Ba a sayar da suna saye na har abada. A .com ana ɗauka daga shekara 1 zuwa 10, sai a sabunta. In ranar ta wuce, dillali yana iya jinkirta maka har kwana 45, sannan a shiga kwana 30 na fansa inda kuɗin dawo da shi yake ninkuwa, sannan kwana 5 na jiran gogewa. Daga nan wanda ya riga kowa shi ya samu, kuma akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, injinansu na tsaye suna jiran sunayen da za su faɗo. Wannan tarko bai bar manya ba. A watan Disamban 1999 Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, har masu Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, sai wani mutum daga waje ya biya dala 35 ya ceci kamfanin. A Satumban 2015 wani tsohon ma'aikacin Google, Sanmay Ved, ya sayi google.com a kan dala 12, sunan ya zauna a hannunsa kamar minti ɗaya kafin a soke cinikin.

Kotuna ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A shekarar 2000 kotun ƙolin jihar Virginia ta ɗauki rajistar suna a matsayin abin da ya fito daga kwangilar hidima tsakanin mutum da kamfani. A 2003 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka, a shari'ar Kremen da Cohen, ta ce dukiya ce da ake iya sacewa, a kuma nemi diyya a kanta. Ni a ganina malamanmu na zaure sun riga sun ba mu ma'aunin da ya fi dacewa, inda suka raba mallakar asalin abu da mallakar amfaninsa. Manomi a nan ya san bambancin gonar gado da ta saye da ta aro da ta haya da ta jingina. Sunan intanet haya ce mai ƙarfi: kana iya sayar da haƙƙinka, kana iya barin sa gado, ba wanda zai tashe ka haka kawai muddin kana biya kana bin sharaɗi. Amma haya ce.

Shekara ashirin .tg tana hannun kamfani

Mu dawo gida. Wutsiyar .tg ta shiga babban littafi ne a 1996. Ba gwamnati aka damƙa wa ba. An ba wa CAFE Informatique et Télécommunications, kamfanin injiniya Jean-Marie Noagbodji da ke Lome, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo intanet ƙasar nan. Ba abin mamaki ba ne a wancan zamani. Mutum ɗaya, Jon Postel na Jami'ar Kudancin California, shi ke raba wutsiyoyin ƙasashe, yana ɗauko haruffa biyu-biyu daga jerin ISO 3166, yana ba wanda ya zo da ilimin abin da na'urar da za ta ɗauka. Yawancin ministocin sadarwa na Afirka a lokacin wayar tarho ce a gabansu. A Ghana kamfanin Nii Quaynor ne ya riƙe .gh. A Nijeriya an sha taƙaddama kan .ng har sai da Shugaba Obasanjo ya sa baki, aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005.

Postel ya rubuta ƙa'idarsa a wata takarda ta watan Maris 1994 mai lamba RFC 1591. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, mai riƙe da wutsiya amintacce ne da aka ba ajiya domin jama'ar ƙasar da kuma jama'ar intanet, kuma zancen haƙƙi da mallaka bai dace da wurin ba, abin dubawa shi ne nauyi da hidima. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai ajiya tana da mai ita, kuma da intanet ta zama kasuwa sai gwamnatoci suka fara cewa su ne wakilan mai ajiyar.

Togo ta bi ta hanyar doka. Dokar sadarwar zamani ta Disamban 2012 ta sake tsara fannin, aka yi ta tattaunawa tsakanin ma'aikatar da Cina Lawson ke jagoranta da kamfanin CAFE, har zuwa farkon 2016 da ICANN ta amince a mayar da .tg hannun hukumar kula da gidan waya da sadarwa, ART&P, wadda yanzu ake kira ARCEP. Ita ke ba dillalai izinin sayar da sunayen .tg a yau. Abin lura a nan shi ne, ƙasa mai tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta iya miƙa hannu kawai ta ɗauki haruffa biyun sunanta ba. Sai da ta cika takardu, ta nuna tana da ƙwarewa, ta nuna masu ruwa da tsaki na gida sun yarda. A lokacin ma aikin babban littafin yana ƙarƙashin kwangila da ma'aikatar kasuwanci ta Amurka, wadda ba ta ƙare ba sai ranar 30 ga Satumban 2016.

To ko bayan haka, takardun ICANN ba sa cewa Togo ta mallaki .tg. Mai kula suke kiran hukumar. Ga amsar tambayar Baba ke nan, in da zan iya faɗa masa a zaure ba tare da ya ɗauka ina masa wasa da hankali ba: ka bi layin har sama, ba za ka tarar da mai fili ba, sai masu riƙon amana a bisa masu riƙon amana.

Wani abin da ke ba ni dariya, babban shafin labaran gwamnatin Togo an daɗe ana saninsa da republiquetogolaise.com, a ƙarƙashin wutsiyar da littafinta ke Virginia.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Ɗalibaina da suka fara koyon haɗa shafi shekarun baya duk sun san wani kamfanin ƙasar Holland mai suna Freenom, domin yana ba da suna kyauta. Wutsiya biyar yake rabawa: .tk ta tsibiran Tokelau, .ml ta Mali, .ga ta Gabon, .cf ta Afirka ta Tsakiya, da .gq ta Equatorial Guinea. Ga yaron da ba shi da katin banki, wannan sa'a ce. Abin da ba su karanta ba yana cikin sharuɗɗa: a sunan kyauta kamfanin ne yake zama mai riƙe da suna, kai izinin amfani kawai aka ba ka, ana iya janyewa.

'Yan damfara su ma sun ga banza sun faɗa mata, har sunayen waɗannan ƙasashe suka yi ƙaurin suna wajen shafukan yaudara. A 2023 abin ya watse. Kamfanin Meta mai Facebook ya kai Freenom kotu, Freenom ya daina karɓar sabuwar rajista. A watan Yuni Gabon ta karɓe .ga ta hannun hukumarta ANINF tare da taimakon Afnic mai kula da .fr ta Faransa, aka goge miliyoyin sunaye. A watan Yuli kwangilar shekara goma da Mali ta yi da mutumin kamfanin, Joost Zuurbier, ta ƙare, .ml ta koma Bamako. A farkon 2024 Freenom ya sanar da barin sana'ar gaba ɗaya. Masu shafuka na gaskiya da suka fake a inuwar kyauta sun tashi ba su da wurin kai kuka.

Labarin Mali yana da wani reshe da ya kamata duk mai imel a kan sunan kansa ya ji. Wutsiyar sojojin Amurka .mil ce. Harafi ɗaya ya raba ta da .ml. Jaridar Financial Times ta ba da labari a Yulin 2023 cewa shekara da shekaru wasiƙun da aka nufi sojojin Amurka da su suna faɗawa adireshin Mali saboda kuskuren bugu, kuma Zuurbier ya ce daga Janairun wannan shekara kaɗai ya tara kusan 117,000, ciki har da takardun asibiti da jadawalin tafiyar manyan hafsoshi. Mai riƙe da suna shi ke karɓar wasiƙar da aka aika wa sunan. Ka dawo da wannan kan ƙungiyar Baba. Wanda ya ɗauke adireshinsu yana iya buɗe akwatin imel da irin sunan da ma'aji yake amfani da shi, ya karɓi saƙon masu ba da gudummawa, ya amsa musu da wata lambar Flooz. Tallar caca ita ce mafi sauƙin abin da zai iya faruwa.

Kotun wa za ta kama ka?

Mu da muke zaune ƙafa ɗaya a wannan ƙasa ɗaya a waccan, nan ne zancen ya fi shafar mu. Bahaushen Dapaong yana sayen albasa a Nijar, ya sayar a Lome, ɗansa yana karatu a Tamale, bashinsa yana Cinkassé. In zai buɗe shafi, yakan ga .com ta fi, domin ba ta ƙasar kowa ba ce. Haka ake gani. Amma littafinta yana ƙasar Amurka, kuma umarnin kotun Amurka yana aiki a kansa. Ranar 22 ga Yunin 2021 ma'aikatar shari'ar Amurka ta ƙwace sunayen shafuka 33 na kafafen labarai masu alaƙa da Iran, ciki har da presstv.com, bisa dokokin takunkumi. Ba a taɓa na'urorinsu da ke Tehran ba. An juya sunan ne kawai ya koma nuna sanarwar gwamnatin Amurka, tashar ta koma amfani da .ir. Ko kana son tashar ko ba ka so, darasin ɗaya ne.

Wutsiyar ƙasa kuma tana zuwa da nata sharaɗin. ICANN ba ta tsara wa ƙasashe dokar cikin gidansu, kowace ita ke cewa wa ya cancanta. Wasu suna buɗe wa kowa, wasu sai mazauni ko ɗan ƙasa. Da Ingila ta fice daga Tarayyar Turai, ranar 1 ga Janairun 2021 an dakatar da sunayen .eu sama da 80,000 na mutanen Birtaniya, waɗanda ba su gyara matsayinsu ba aka karɓe nasu bayan shekara guda. Ba su yi laifin komai ba, iyaka ce ta motsa a ƙarƙashinsu. Mutanen zango ba sa bukatar a fassara musu wannan. Tsohon Zangon Lome ya yi shekaru da dama a tsakiyar birni, a 1977 aka tashe shi aka kai shi bayan gari, inda ake kira Agoè-Zongo yanzu. Daɗewa a wuri ba ta zama takarda ba.

Shin .tg ce mafita? Tana da amfaninta na gaske. Hukumar tana Lome, dokar ta ƙasarka ce, dillalin kana iya zuwa ofishinsa ka zauna, kuma sunan da aka riga aka cinye a .com sau da yawa yana nan a .tg. Ga ɗan kasuwar da abokan cinikinsa ke cikin Togo, ni ita zan ba shi shawara. Ga jarida ko ƙungiyar da ke faɗin abin da ba a so a ji, lissafin ya bambanta. Duk wanda yake Sokode a 2017 ya tuna zanga-zangar da ta fara a watan Agusta, da yadda aka yanke intanet a watan Satumba, matakin da kotun CEDEAO ta yanke hukunci ranar 25 ga Yunin 2020 cewa ya keta 'yancin faɗar albarkacin baki. Yanke intanet daban, ƙwace suna daban, kuma ba ina cewa an yi na biyun ba ne. Amma mai hankali yakan tambayi kansa hannun wa ya fi kusa da makullin. Akwai kuma batun tsaro. A farkon Nuwamban 2017 an yi wa rajistar .tg kutse, har masu ba shafuka takardar shaidar tsaro irin su Let's Encrypt suka dakatar da bayarwa ga sunayen .tg na ɗan lokaci. Wanda yake da hali ya riƙe biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje, ya sa ɗaya ya riƙa kai baƙi ga ɗayan.

In an riga ka

A ce wani ya yi rajistar sunan shagonka ko na makarantarka. Tun 1999 ICANN tana da hanyar sasanci mai suna UDRP, wadda ta shafi .com da .org da .net da makamantansu, kuma cibiyar da ta fi karɓar ƙararrakin ita ce ta hukumar OMPI a Geneva. Ba a zuwa da ƙafa, a rubuce ake komai, cikin wata biyu ko makamancin haka a gama. Mai ƙara zai tabbatar da abu uku a tare: sunan ya yi daidai ko ya yi kama da alamar kasuwancinsa, wanda ya riƙe ba shi da wani haƙƙi ko halastacciyar bukata a kai, kuma da mugun nufi ya yi rajistar yake kuma amfani da ita. Kuɗin shigar da ƙara a gaban alƙali ɗaya dala 1,500 ne, ya haura jaka 800 na sefa, ban da lauya. Sunan da aka yi sakaci da shi a kan abin da bai kai jaka goma ba a shekara.

Kalmar da ke kayar da mutanenmu ita ce alamar kasuwanci. Rajistar kamfani a CFE da samun lambar RCCM ba su ba ka sunan intanet ba, ba su kuma zama alamar kasuwanci ba. Littattafai uku ne a ofisoshi uku da ba sa duba na juna. Alama ana yin rajistarta ne a OAPI da ke Yaoundé, ta hannun INPIT a nan Togo, tana aiki shekara 10 a sabunta. Daɗin abin, rajista ɗaya ta game ƙasashe 17, ciki har da Togo da Benin da Nijar da Burkina Faso da Kamaru da Chadi da Côte d'Ivoire. Rashin daɗinsa, Ghana da Nijeriya ba sa ciki, su ne kuwa manyan kasuwannin Bahaushe biyu da suka sa mu a tsakiya. Mai turaren wuta ko kilishi da ke son sunansa ya tsira daga Kano zuwa Kumasi sai ya bi layi uku.

Sunan gari ko na ƙabila kuwa kusan ba shi da mai tsaro. Majalisar birnin Barcelona ta ci shari'ar barcelona.com a gaban OMPI a 2000, kotun Amurka ta rushe hukuncin a 2003. Ƙasashen yankin kogin Amazon, da Brazil da Peru a gaba, sun yi shekara bakwai suna adawa, a ƙarshe a 2019 ICANN ta buɗe wa kamfanin Amazon hanyar samun .amazon. In ƙasashe takwas ba su tsare sunan koginsu ba, ban ga yadda sarkin zango zai hana wani a Dubai ɗaukar kalmar zango ko Hausa ko Sokode ba.

Mu kuma muna da wata matsala da Bature bai sani ba. Sunayenmu rubutu biyu gare su, wani lokaci uku. Hausa da Haoussa, Zango da Zongo, Usman da Ousmane, Alhaji da El Hadj. A wurin na'ura kowanne suna ne dabam mai zaman kansa. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa da muke zubarwa in za mu buga adireshi, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Shafi mai harshe biyu irin wanda kuke karantawa ya san wannan ciwo. Wanda ya yi rajistar rubutun Faransanci ya bar na Hausa, ya bar ƙofar baya a buɗe, kuma 'yan'uwan da ke Nijeriya ta nan za su zo.

Rikicin da ya fi yawa a tsakaninmu ma ba da baƙo ake yin sa ba. Da ɗan'uwa ne, ko tsohon sakatare, ko abokin kasuwanci da aka raba gari. Irin wannan, alƙalan UDRP sau da yawa sukan ce rikicin kwangila ne, a tafi kotu. A kotu kuma takarda ake tambaya. Mutumin Togo ba zai sayi fili ba sai ya ga taswira mai hatimi uku, ya kuma ji labarin filin da aka sayar wa mutum biyu har ya gaji, musamman kafin dokar filaye ta Yunin 2018. Amma shi ɗin ne zai miƙa wa yaro kuɗi a leda ya ce a buɗe masa shafi, bai tambayi sunan wa za a rubuta ba.

Da can bincike yana da sauƙi. Ka shiga WHOIS ka buga sunan, ka ga mai shi da lambarsa. Tun da dokar kare bayanan sirri ta Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, yawancin dillalai suna ɓoye wannan, sai dai ka ga sunan dillali da ranar rajista da ranar ƙarewa. Waɗannan ma sun isa su tashe ka daga barci. Sauran sai ka zauna da wanda ya haɗa maka shafin, ya buɗe asusun dillalin a gabanka, ka ga gurbin titulaire da idonka. In ƙungiya ce, sunanta na rajista ya kamata ya kasance a wurin, da imel ɗin da aƙalla mutum biyu ke iya buɗewa, wanda kuma ba a kan sunan shafin kansa yake ba, domin ranar da sunan ya faɗi, akwatin ma ya tafi da shi. Shi mai fasahar yana da gurbinsa na mai kula da na'ura, ya ishe shi aiki. Akwai kuma lambar sirri ta ƙaura, wadda da ita ake ɗauke suna daga wani dillali zuwa wani. Wanda ya hana ka ita ya gaya maka matsayinka.

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Yaya za ka ce wa ɗan ƙanwarka, wanda ya yi maka aiki rabin kuɗi, ya sa hannu a takarda? Sai ka ce ka zarge shi. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba don ana zargin kowa ba. Mutum yana tafiya, yana mantuwa, yana mutuwa. Ban taɓa zama wurin rabon gado na ji an lissafa sunan shafi ba, alhali akwai 'yan kasuwar da rabin cinikinsu ta nan yake shigowa, kuma dillali ba zai saurari magada ba sai da takardun kotu, in ma wa'adin bai riga ya wuce ba.

Ƙungiyar Baba ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ba su da alama a OAPI, ba su da jaka 800. Mun rubuta wa wanda ya ɗauki sunan, ya amsa da farashin da ya fi kuɗin rufin aji guda. An samu yaron a Libreville ta hannun yayarsa, ya yi ta ba da haƙuri, ya turo hotuna da rubutun da ke ajiye a kwamfutarsa. Aka yi sabuwar rajista da sunan ƙungiyar, rubutun Hausa da na Faransanci duka, aka biya shekara biyar. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa a daina shiga tsohon adireshin, aka tura saƙon murya zuwa Kumasi da Hamburg. Baba ya sa na rubuta masa ranar ƙarewar a bangon littafin kuɗi, da lambobin boko da na ajami, a ƙarƙashin ranar biyan kuɗin wuta.